Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Makarantu iri biyu ne. Akwai wadda ake shan wuya kafin a shige ta, akwai kuma wadda shigarta ba wuya, fitar ce aiki. Mu da muka taso a ƙasar Hausa mun fi sanin ta farko. Mun san yaro zai zauna jarrabawar JAMB sau biyu ko sau uku, ubansa ya yi ta sintiri yana neman mai sa baki, kafin a ga sunansa cikin jerin waɗanda aka ɗauka. Shi ya sa a wajenmu ranar da aka ce yaro ya sami gurbi ita ce ranar guɗa, sai ka ce an riga an gama komai. To a nan Amurka, inda neman abinci ya kawo ni, akwai wata irin makaranta da ta birkita wannan lissafi namu, kuma na ga 'ya'yan 'yan'uwanmu da dama sun yi asarar shekaru a cikinta don kawai ba su gane irinta ba. Sunanta kwalejin al'umma. A kanta nake so mu ɗan tattauna, mai karatu, ko da kuwa ba ka da niyyar tsallaka teku, domin darasin da ke ciki bai tsaya a Amurka kaɗai ba.

Ita dai kwalejin al'umma makarantar gwamnati ce ta shekara biyu da ke gaba da sakandare, wadda akan gina kusa da inda jama'a suke zaune don su yi karatu ba tare da sun bar gida ko sun ajiye aiki ba. Wadda aka fi ambata a matsayin ta farko tana garin Joliet a jihar Ilinoi. An buɗe ta a 1901 da ɗalibai 6 kacal, bisa shawarar shugaban Jami'ar Shikago na wancan lokaci, William Rainey Harper, da shugaban makarantar sakandaren garin, J. Stanley Brown. Tunaninsu shi ne, shekara biyun farko na karatun jami'a ana iya yinsu a wuri mai araha kusa da gida, sannan wanda ya dace ya je ya ƙarasa sauran biyun a jami'a. A 1947 kwamitin da Shugaba Harry Truman ya naɗa kan ilimi mai zurfi ya fitar da rahotonsa, ya ba da shawarar a baza irin waɗannan makarantu ko'ina a ƙasar, daga nan kuma sunan ya kama bakin mutane. Yau akwai kimanin 1,000 a faɗin Amurka. Jihar Karolina ta Arewa, inda nake zaune, tana da 58.

Abin da ke jan talaka da baƙo zuwa gare ta abu biyu ne. Na farko, ƙofarta a buɗe take: duk mai takardar gama sakandare, ko abin da ya yi daidai da ita, ana karɓarsa, ba jarrabawar shiga, ba kamun ƙafa. Na biyu, araha. A 2024 mazaunin jiharmu yana biyan dala 76 kan kowane kiredit, wanda ba a lasafta shi mazaunin jiha ba kuma dala 268. Shi kiredit shi ne mudun awon karatu a nan. Yawancin darussa kiredit 3 ne, wato kusan awa uku a aji kowane mako har tsawon zango guda na mako 16. Takardar shekara biyu tana bukatar kiredit 60, cikakken digiri kuma 120. Idan mai karatu na neman abin da ya yi kama da wannan a gida, ya tuna da mai takardar NCE ko ND da ke neman jami'a ta ɗauke shi kai tsaye a aji biyu. Sai dai akwai bambanci, kuma a nan gizo yake saƙa. A gida takardar ake dubawa ɗungurungum. A nan kuwa jami'a zama take yi ta bi darussanka ɗaya bayan ɗaya, ta ce wannan na karɓa, wannan ban san shi ba, wannan na karɓa amma ba zai shiga lissafin fannin da kake nema ba.

Ni ba malamin aji ba ne. Shekara tara ke nan ina aiki a ɗakin taimakon rubutu na wata kwalejin al'umma, inda ɗalibi kan kawo maƙalar da malaminsa ya ba shi mu zauna mu duba ta tare. Da yake a wannan yanki, musamman birnin Greensboro, akwai 'yan Nijar masu yawa, ga kuma 'yan zangon Gana da mu 'yan Nijeriya jefi-jefi, labari bai daɗe ba ya bazu cewa akwai wani Bahaushe a ɗakin rubutu. Sai ya zama yaro ya shigo da maƙala a hannu, amma kafin mu gama shafin farko ya fito da ainihin abin da ke damunsa, wanda sau da yawa ba ruwansa da waƙafi ko aya. Daga wannan kujera na ga abin da zan faɗa.

Bari in fara da alƙaluma, don kada a ce hira ce kawai ta mai zaman ɗaki. Cibiyar binciken kwalejojin al'umma da ke Jami'ar Kolumbiya a birnin New York ta nuna cewa kusan kashi 80 cikin 100 na masu shiga waɗannan kwalejoji da niyyar samun cikakken digiri suke shiga. A rahotonta na 2016 ta gano kusan kashi 33 ne kawai suka tsallaka zuwa jami'a, kashi 14 kuma suka sami digirin cikin shekara shida. Da aka sake lissafin a 2024, adadin ya ɗan motsa zuwa kashi 16. Haka kuma a 2017 ofishin da ke bin diddigin ayyukan gwamnati a madadin majalisar dokokin Amurka ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka canja makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kimanin kashi 43 na kiredit ɗin da suka tara. Waɗanda suka taso daga makarantun kuɗi masu neman riba zuwa na gwamnati kuwa, asararsu ta kai kashi 94. Ka ji fa. Mutum ya biya kuɗi, ya hana idonsa barci, ya ci jarrabawa, sannan a ce masa ya sake daga tushe.

Ba daƙiƙanci ne ke jawo wannan ba. Wasu masana uku na waccan cibiya, Thomas Bailey da Shanna Jaggars da Davis Jenkins, sun fitar da littafi a 2015 inda suka kwatanta kwalejin al'umma da gidan abincin da kowa ke zuba wa kansa. Ga tukwane nan birjik, ba mai hana ka, ba kuma mai ce maka miyar nan ba ta tafiya da wancan tuwon. Tun daga lokacin kwalejoji da yawa sun yi gyara, sun tsara darussa hanya-hanya, amma har yanzu fom ɗin farko da sabon ɗalibi zai cike, galibi a waya, cikin minti goma, yana tambayarsa shirin karatun da yake so. Abin da ya danna a wannan minti goma yana iya cin shekara biyu na rayuwarsa.

Akwai wani yaro, ɗan wani bawan Allah mutumin Maraɗi da ke tuƙin babbar mota. Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa, Faransanci a bakinsa kamar ruwa, Ingilishi kuma ya kama shi cikin shekara guda. Burinsa tun yana ƙarami ya zama injiniyan kwamfuta. Da ya zo cike fom ya ga wani shiri mai kalmar kwamfuta a sunansa, sai ya danna. Ya yi zango huɗu bai faɗi ko darasi ɗaya ba, aka yi bikin yaye su, uban ya yanka rago. Da ya kai takardunsa jami'a, abin da aka karɓa cikin lissafin digirin injiniya bai kai rabi ba. Ya shigo wurina da takardar a hannu, ya ce, "Tonton," wato kawu, kamar yadda yaran Nijar kan ce, "duba mini wannan, ko dai Ingilishin ne ban gane ba?" Na duba na ce, "Ɗana, ka gane shi sarai." Washegari uban da kansa ya kira ni daga kan hanya, ya ce, "Malam, ashe takarda takarda ce amma ba kowace ke kai mutum jami'a ba? Ni da na ga an sa masa hula da alkyabba na zaci an gama rabin tafiya."

Ba wanda ya cuci yaron nan, kuma takardarsa ba ta banza ba ce, don da ita ya sami aikin kula da na'urori a wani kamfani. Abin da ya faru shi ne, takardun shekara biyu iri-iri ne. Akwai AA da AS, waɗanda aka gina musamman domin mai niyyar wucewa jami'a: Ingilishi, lissafi, kimiyya, tarihi da makamantansu, wato daidai abin da ɗan jami'a ke yi a shekara biyunsa na farko. Akwai kuma AAS, wadda aka gina domin mai son ya koyi sana'a ya fita ya kama aiki: walda, gyaran na'urar sanyaya ɗaki, kanikanci, harhaɗa kwamfuta, aikin ɗakin gwaje-gwaje. Harafi ɗaya ne ya raba su a rubuce, amma hanyoyinsu sun rabu tun daga zangon farko. Akwai jami'o'in da suka ƙulla yarjejeniya ta musamman don karɓar wasu takardun AAS, sai dai wannan abu ne da ake tambaya a tabbatar tun kafin a fara. Shi yaron namu AAS ya danna, alhali jiharmu tana da takarda ta musamman ta share fagen injiniya da ake kira AE, wadda jami'o'in gwamnati masu koyar da injiniya suka amince da ita, ciki har da A&T da ke nan Greensboro, jami'ar da ta yi suna wajen yaye injiniyoyi baƙar fata. Ƙofar tana nan kusa da shi, bai dai san da ita ba.

Abin da na koya daga irin wannan shi ne, karatun kwalejin al'umma daga ƙarshe ake tsara shi, a dawo farko. Tun ran gini, ran zane. Tambayar farko ba wane darasi zan ɗauka ba ce. Tambayar ita ce, wane aiki nake so in wayi gari ina yi nan da shekara biyar ko shida, kuma wace takarda masu wannan aiki suke riƙe da ita? Amsar ba a ɓoye take ba. Ma'aikatar ƙwadago ta Amurka tana da kundi a intanet, kyauta, da ke bayyana ɗaruruwan sana'o'i: abin da ake yi a cikinsu, takardar da ake nema, matsakaicin albashi, da ko ana sa ran bukatarsu za ta ƙaru. Na kan ce wa ɗalibi ya karanta wannan, sannan ya nemi mutum ɗaya mai yin aikin ya tambaye shi yadda yininsa yake wucewa. Yara nawa ne suka ce mini likitanci suke so, da muka bi zancen sai ya zama ba su taɓa jin cewa a Amurka sai an gama digirin farko na shekara huɗu ake neman shiga makarantar likita ba, a yi wasu huɗun, sannan a shiga shekarun horo a asibiti? Wanda ya ji haka ya ce ya ji ya gani, madalla. Wanda kuma ya ce a'a, akwai ƙanne a gida da ke jiran ya fara kawo wani abu, shi ma ya yi gaskiya, kuma gara ya faɗe ta a watan farko.

Tambaya ta biyu, idan aikin na bukatar digiri, wace jami'a, kuma wane fanni a cikinta? A jiharmu akwai yarjejeniya tsakanin kwalejoji 58 da jami'o'in gwamnati 16, wadda ta fara aiki a 1997 aka kuma sabunta ta a 2014. Ta tanadi cewa wanda ya gama AA ko AS, da aƙalla sakamakon C a kowane darasi da matsakaicin maki 2.0 bisa 4.0, za a ɗauke shi a matsayin ɗan aji uku, kuma an lamunce masa gurbi a ɗaya daga cikin jami'o'in. Wasu jihohi ma suna da irin wannan: Kalifoniya ta yi dokarta a 2010, jami'ar birnin New York kuma ta fara nata tsarin a 2013. Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Alkawarin gurbi a ɗaya daga cikin 16 ne, ba lallai wadda kake so ba, ba kuma lallai fannin da kake so ba. Fannoni irin su injiniya da jinya da kasuwanci suna da nasu sharuɗɗa, kuma mai 2.0 ba ya jin ƙanshinsu a wurare da yawa. Kowace jami'a tana wallafa jadawalin darussan da take so mai niyyar shiga kowane fanni ya ɗauka tun yana kwaleji. Wannan takarda, shafi ɗaya ko biyu, ita ce taswirar tafiya, kuma abin takaici yawancin waɗanda suka zauna a gabana ba su taɓa ganinta ba sai da na buɗe musu.

Sai an amsa waɗannan biyu ake zuwa ta uku, wato darussan zangon farko. A nan ina jan kunnen kowa game da lissafi. Sauran darussa kamar rumfunan kasuwa suke, kana iya fara shiga wadda ka ga dama. Lissafi kuwa tsani ne, ba a taka matakala ta uku sai an taka ta biyu. A kwalejojin jiharmu akwai darasin lissafi na harkokin yau da kullum, MAT 143, wanda ya wadatar ga mai karanta adabi ko tarihi. Akwai kuma MAT 171, wanda shi ne matakalar farko zuwa lissafi mai zurfi da injiniya da mai kimiyya ke bukata, kuma daga shi zuwa ƙarshen tsanin zango huɗu ne ko biyar a jere. Wanda ya ɗage lissafi zuwa shekara ta biyu don tsoro, ko ya ɗauki mai sauƙin alhali fanninsa na neman ɗayan, ya ƙara wa kansa shekara guda ko fiye ba tare da ya sani ba. Akwai ma wani ɗan ƙaramin darasi mai kiredit 1, ACA 122, da aka wajabta wa masu niyyar wucewa jami'a, wanda aikinsa ke nan, ya sa ɗalibi ya zauna ya rubuta wannan tsari. Yara kan raina shi su bar shi sai zangon ƙarshe, lokacin da amfaninsa ya riga ya wuce. Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Na ga kuma wadda ta fafe nata goran da wuri. Yarinya ce 'yar mutanen zangon Kumasi, tana aikin kula da tsofaffi da daddare. Ran da ta fara zuwa wurina, makonta na biyu ke nan a makaranta, ta ce, "Baba, ni jinya nake so, amma an ce shiga kwalejin daban, shiga ajin jinyar daban. Gaskiya ne?" Na ce, "'Yata, gaskiya ne, wa ya gaya miki?" Ta ce wata ma'aikaciyar jinya ce a wurin aikinsu, ta tsare ta da tambaya lokacin shan shayi. Ashe ta riga ta gano cewa ajin jinya gurabensa ƙidayayyu ne, da maki ake takara, kuma darussan sanin sassan jikin ɗan'adam su ne ake fi dubawa. Saboda haka ba ta haɗa su da wasu darussa masu nauyi ba, ta ba su zango nasu. Ta rubuta zangunanta duka a takarda ɗaya ta manna a jikin firij, kowane zango kuma sai ta kai wa jami'ar ba da shawara ta duba, ta kuma aika wa ofishin ɗaukar ɗalibai na jami'ar da take hari wasiƙa ta imel, don amsar ta zama a rubuce. Ta gama, ta ci jarrabawar lasisi ta NCLEX, ta kama aiki a asibiti, sannan ta ƙarasa digirinta tana aiki, asibitin na biyan wani kaso na kuɗin. Ba ta fi yaron Maraɗi ƙwaƙwalwa ba. Ta dai riga shi tambaya, kuma matambayi ba ya ɓata.

Saura maganar lokaci da kuɗi, waɗanda a nan tagwaye ne. Ana kiran mai ɗaukar kiredit 12 a zango cikakken ɗalibi, sai yara su ɗauka 12 ɗin ne ƙa'ida. Amma 12 sau huɗu 48 ne, ba 60 ba. Mai son gamawa cikin shekara biyu sai ya ɗauki 15, ko ya cike giɓin da karatun bazara. Sai dai kowace awa ɗaya ta aji tana neman kamar awa biyu na nazari a gida, wato kiredit 15 aikin awa 45 ne a mako. Wanda ke aikin awa 40 a sito ko a kan sitiyari, ya ɗora 45 a kai, ya ga abin da ya rage masa cikin awa 168 na mako bayan barci da zirga-zirga da hidimar gida. Taura biyu ba ta taunuwa. Na fi son ɗalibi ya ce zai ɗauki darasi biyu ya ci su da kyau, ya san tafiyarsa shekara huɗu ce, da ya ɗauki biyar ya zubar da uku a tsakiyar zango. Dalili kuwa, tallafin gwamnatin tarayya da ake kira Pell, wanda ake nema ta fom ɗin FAFSA, kuma mafi yawansa ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025, ba rijiya ba ce mai ɓuɓɓuga. Tun 2012 an ƙayyade shi ga zango 12 na cikakken karatu a duk rayuwar mutum. Bugu da ƙari, ana bukatar ɗalibi ya riƙe maki 2.0, ya kammala kusan kashi biyu cikin uku na abin da ya yi rajista, kada kuma ya wuce ninki ɗaya da rabi na tsawon shirinsa, wato kiredit 90 a shiri mai 60. Duk darasin da aka ɗauka ba bisa hanya ba, daga wannan rumbu aka ɗebe shi, kuma ranar da aka isa jami'a, inda kuɗin ya ninka, ranar ake neman hatsin a tarar ya yi ƙasa. Wanda ya zo da bizar ɗalibi kuwa ba shi da rabo a wannan tallafi sam, don haka nasa lissafin ya fi na kowa bukatar tsanaki.

Iyaye ma suna da nasu kason. Da yawa daga cikinmu mun zo ƙasar nan da girmanmu, ba mu bi ta wannan tsari ba, kuma kunya kan hana uba ya nuna wa ɗansa bai sani ba. Sai ya tsaya kan abin da ya sani, wato sunan aiki: likita, lauya, injiniya. Yaro kuma don ladabi ya ce to, ya tafi ya yi ta fama da darussan da ransa ba ya so, har maki ya lalace. Na sha gaya wa abokaina, tambayar da ta fi amfani ga yaro ba ita ce yaushe za ka gama ba. A ce masa, kawo takardar tsarin naka mu gani, wace jami'a ce a ƙarshenta, wa ka nuna wa a makaranta? Ko uba bai iya karanta ta ba, yaron ya san akwai mai tambaya.

Na san masu karanta wannan mujalla za su ce, to mai son rubutu fa, ina nasa gurbin a wannan lissafi? Nakan sami irinsu, kuma nakan ba su labarin mata biyu. Gwendolyn Brooks ta gama ƙaramar kwalejin Wilson a Shikago a 1936, ba ta wuce jami'a ba, ta kama aikin ofis tana rubuta waƙoƙinta, a 1950 kuma ta zama baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Pulitzer. Octavia Butler ta gama kwalejin birnin Pasadena a 1968, ta yi ta ƙananan ayyuka, har da wankin kwanuka, tana tashi cikin dare ta yi rubutu kafin ta fita, a 1995 kuma ta zama ta farko cikin marubutan ƙagaggun labaran kimiyya da ta sami kyautar MacArthur. Ba ina cewa marubuci ya guji digiri ba ne. Abin lura shi ne, su biyun sun san abin da suka je nema, sun kuma san da me za su ci abinci kafin alƙalami ya fara biya, in ma zai biya. Wannan ma tsari ne. Mai son rubutu yana iya yin AA ya wuce ya karanta adabi ko aikin jarida ko koyarwa, yana kuma iya koyon sana'ar shekara biyu da za ta bar masa safiyarsa. Wanda nake jin tsoro a kansa shi ne mai yawo tsakanin darussa, yau falsafa gobe zane, yana cewa yana neman kansa, alhali rumbun tallafinsa na ƙarewa.

Wani zai ce, yaro ɗan shekara 18 ina ya san abin da yake so? Gaskiya ne, da yawa ba su sani ba, kuma ba laifi ba ne. Tsarin da aka rubuta ana iya goge shi a sake, kuma akwai darussan gama-gari da ke shiga kusan kowane fanni, waɗanda mai shakka zai fara da su yana bincike, ya ba kansa wa'adin zango ɗaya ko biyu. Ko bai san ainihin aikin ba, yakan san ɓangaren da zuciyarsa ta karkata, lafiya ne ko kasuwanci ko kimiyya ko adabi, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna masa tsanin lissafin da zai hau. Mai takarda a hannu, in ya canja ra'ayi, ya san abin da zai rasa da abin da zai tsira da shi. Marar takarda sai ranar da ya isa ƙofar jami'a ake gaya masa.

Don haka, 'yan'uwa, duk mai ɗa ko ƙane ko ɗan ɗaki da ke shirin shiga irin wannan makaranta, a can ko a nan, ya taya shi murna, amma kada a tsaya a guɗa. A zaunar da shi tun kafin ya danna komai, a tambaye shi aikin da yake hange, da makarantar da za ta karɓe shi bayan wannan, da abin da ita waccan makarantar ta ce a rubuce tana bukata. In ya amsa, a sa masa albarka. In bai iya amsawa ba, a raka shi wurin wanda ya sani tun da sauran rana. Allah ya ba yaranmu sa'a.